Todoist: Ɗan Shafin Da Ya Sauke Mini Kaya Daga Ka

Idan akwai abin da ya cancanci guɗa a cikin duk tarkacen da intanet ta kawo mana nan ƙasar Faskari, to a wurina Todoist ne. Farin shafi ne kawai da kake buɗewa a burauzar wayarka. Ka rubuta abin da kake son yi, ka sa masa rana, idan ka gama ka danna ɗan zagayen da ke gefensa, aikin ya ɓace daga gabanka. Shi ke nan fa! Amma wallahi ban taɓa ganin abu mai sauƙi haka da ke gyara wa mutum yini kamarsa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisa a Tafoki ya san sai na ja shi da zancensa, har wasu sun fara tambaya ko biyana ake yi. Ko sisi ba a ba ni, so ne tsagwaronsa.

Abin da ya fara sace mini zuciya shi ne ba sai ka sauke komai ba. Kowa ya san halin wayoyinmu. 'Yar Itel ce ko Tecno, cikinta maƙil da bidiyon guruf-guruf na WhatsApp, da karatun malamai, da hotunan bikin da aka yi tun bara. Ka ce za ka sauke sabuwar manhaja, sai waya ta ce babu wuri, ka zauna kana tunanin wa'azin da za ka goge. A nan kuwa Chrome za ka buɗe, ka rubuta todoist.com, ka yi rajista da Gmail ɗinka, magana ta ƙare. Manhajar tana nan ga mai sha'awa, amma ni burauza ta ishe ni.

Kuma ga inda daɗin yake: jerin ayyukan yana tare da asusunka ne, duk inda ka shiga da sunanka zai biyo ka. Wayarka tana wurin mai caji tun safe? Ari ta ƙanenka, ka shiga, ga jerinka nan daram. Ka je Funtua buga takarda a shagon kwamfuta? Buɗe shi a kwamfutar, ka gan shi a faffaɗan allo kamar wani babban ma'aikaci. Waya ta faɗa ruwa a fadama, ko an zare ta a cunkoson kasuwa, Allah ya kiyaye, za ka yi kukan waya amma lissafinka na nan. Sai dai idan wayar aro ce, ka tabbata ka fita daga asusun kafin ka mayar, kada gobe ka ji sunayen masu bin ka bashi a bakin 'yan shayi.

A damina ne na san darajarsa. Manomin masara a yankinmu ba ƙwazo kaɗai yake bukata ba, yana bukatar kiyaye lokaci. Takin NPK ana so ya sauka kamar mako biyu bayan shuka, yuriya kuma wajen mako biyar zuwa shida. Ka makara, ka zuba kuɗinka a ƙasa amma zangarniya ba ta cika yadda ya kamata ba, ga taki da tsada kamar me. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Nijeriya a 2016 kuma sai aka ƙara wani aiki, leƙa ƙoƙon ganye da sassafe a ga ko ta fara ɓarna, domin idan ta girma ta shige ciki feshi ba ya cika yi mata tasiri. To gonar bayan gida an shuka ta yau, ta daji sai bayan kwanaki da aka samu ruwa, ga waken suya can, ga ɗan filin auduga da aka yi haɗin gwiwa da wani aboki a wajen Daudawa. Kowace da ranarta. Kan ɗan Adam ba rumbu ba ne da za a yi ta zuba masa dami ana tsammanin komai zai zauna inda aka ajiye shi.

Yadda nake yi ke nan. Ranar da aka rufe iri, kafin in wanke ƙafa, sai in zauna a gindin bishiya in rubuta: "Gonar daji, NPK," in taɓa kalanda in ƙirga mako biyu. "Gonar daji, yuriya," in ƙirga mako shida. "Nemo 'yan ƙwadago don noman farko," in sa shi kwana uku kafin ranar, saboda a wannan lokaci kowa nemansu yake. "Duba tsutsa" kuwa na sa shi ya riƙa dawowa da kansa duk mako. Daga nan na mance da su gaba ɗaya, kuma mantuwar ce ribar. Da safe bayan an dawo masallaci na buɗe shafin ayyukan yau, sai in ga abin da ya rataya a wuyana a ranar kawai, guda huɗu ko biyar, ba tulin damina duka ba. Wanda ba ya jira in kafa masa jar tuta, mai bi masa ruwan goro, na bayansa shuɗiya. Ido na faɗawa kan ja ka san inda za ka nufa.

Daɗin danna zagayen nan kuwa, sai wanda ya ɗanɗana. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta wallafa bincike a 1927 wanda ya nuna aikin da ba a ƙarasa ba ya fi maƙalewa a zuciya fiye da wanda aka gama. Duk magidancin da ya taɓa kwanciya yana juyi yana cewa "akwai abin da na mance" bai bukatar a yi masa dogon bayani. Ni dai tun da na fara sauke ayyukana a shafi, barcina ya ƙara nauyi.

Kada a ɗauka na manoma ne kaɗai. Rabin jerina zumunci ne: sunan ɗiyar wane ranar Talata, ɗaurin aure a Ƙanƙara ranar Asabar, zuwa gaisuwar rasuwa a Sabuwa kafin a yi bakwai, zubin adashe, kuɗin makarantar yara. Maiɗakina ma ta ƙwace shi. Daga cikin ranakun allurar rigakafin jariri akwai mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9, kuma ranakun nan su ne ke shige wa iyaye da yawa, musamman ta wata 9 ɗin da ke da nisa. Mun buɗe jeri guda na gida, ni da ita muna gani, idan ta rubuta "sabulu da kalanzir" kafin in bar kasuwar Sheme ya iso ni. Wannan kaɗai ya kashe gardamar "ai na faɗa maka" a gidanmu.

Kawuna ya taɓa ganina ina dannawa a bakin gona, ya ce, "Kai yaro, mu da muka cika rumbuna ba waya, da me muka tuna?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya Kawu, ku taurari da kukan tsuntsu kuke karantawa, mu kuwa an raba mana hankali gida goma." Ya yi dariya ya ce to in rubuta masa ranar da zai koma ganin likita. Na rubuta, kuma ni na tuna masa.

Na san tambayar da ke bakin kowa: sabis fa? Mu ba sai an ba mu labari ba. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka ɗauki watanni ana hawa tudu ana tafiya nesa neman inda za a yi kira. Irin wannan idan ta faru, sai biro da takarda. Amma ɗaukewar yau da kullum, wadda sabis zai tafi da hantsi ya dawo da la'asar, ba ta dami Todoist ba. Muddin shafin yana buɗe kana ciki, kana iya ci gaba da rubutu da dannawa, sabis na dawowa ya haɗa komai da kansa. Data kuwa ɗan kaɗan yake lasa, tunda rubutu ne zalla. Bidiyo ɗaya na TikTok ya fi shi ci nesa ba kusa ba.

Da na bi tarihinsa sai ƙaunar ta ƙaru. Wanda ya ƙirƙira shi, Amir Salihefendić, haifaffen Bosniya ne, yaƙi ya kori iyalinsu yana yaro suka yi gudun hijira zuwa Denmak. A 2007, yana ɗalibin ilimin kwamfuta yana kuma haɗawa da aiki, ya gina shi don amfanin kansa. Mu da muka ga 'yan uwa sun baro ƙauyukansu da ƙullin kaya a ka, labarin yaron da ya tashi a hijira ya yi abin da duniya ke amfana da shi ba ƙaramin daɗi yake yi mana ba. Akwai wasu irinsa, Google Keep da ya fito a 2013 da Microsoft To Do na 2017, kuma ba laifi. Ni dai nan zuciyata ta tsaya.

Ƙorafina guda ne, shi ma na masoyi: maɓallansa ba sa jin Hausa tukuna. Amma kaɗan ne, yini ɗaya ya isa ka gane su, kuma ayyukan da Hausarka za ka rubuta, har da ƙ da ɗ da ɓ. Wani almajirin malam da na nuna wa ma da ajami yake rubuta nasa, da allon rubutun Larabci na wayarsa, kuma ya zauna cas. Tsarinsa na kyauta kuwa yana ba ka manyan jeri biyar. Nawa su ne gona, gida, kasuwa, bashi, da zumunci, ban ga abin da zai sa in nemi na shida ba.

Yanzu na riga na fara rubuta ayyukan kaka: sayen buhuna tun kafin su yi tsada, gyaran rufin sito, yin magana da mai injin casa da wuri, da kiran dillalina na Dandume a ji yadda farashi ke tafiya kafin a ɗaure ko buhu ɗaya. Wanda ke son a buɗe masa nasa ya same ni bayan Isha'i a wurin mai shayi, ya zo da wayarsa da caji, kuma don Allah ya tuno kalmar sirrin Gmail ɗinsa tun daga gida.