Tsirkiya Ɗaya Ta Ishi Mai Magana: Sake Sauraren Faifan Ɗan Maraya

A gidaje da yawa daga Gangare zuwa Unguwar Rogo akwai tsofaffin faya-fayan garmaho da iyayenmu suka bari a ƙarƙashin gado ko bayan kwaba. Wasu rana ta lanƙwasa su, wasu yara sun mai da su abin wasa. Kafin su ƙare, ina so mu dubi abin da ke cikin na Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946, ya rasu nan Jos ranar 20 ga Yuni 2015. Allah ya jiƙansa.

Babban faifai yakan ɗauki kamar minti ashirin a kowane gefe. In ka ɗora allura, sai ka zauna ka ji har ƙarshe, sannan ka tashi ka juya. Wannan zaman shi ne ya dace da waƙar Ɗan Maraya, domin labari yake bayarwa, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Yaranmu da ke jin guntun minti ɗaya a waya, kiɗan kawai suke ji, maganar ta wuce su.

Turawa ma sun san darajar wannan. A 1973 wasu mawaƙa huɗu 'yan Ingila, Pink Floyd, suka fitar da faifai mai suna The Dark Side of the Moon, wanda suka ɗauka a ɗakin Abbey Road da ke Landan. Waƙoƙi goma ne a kan lokaci da kuɗi da mutuwa da taɓuwar hankali, an ɗinke su kamar zance guda. Suka sa ƙarar agogo, da ƙarar kuɗi, da bugun zuciya. Aiki ne mai kyau, ba na musu. Amma ɗaki guda na na'urori suka tara kafin su ce duniya ba ta da tabbas. Namu kuwa kuntigi ya riƙe, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, ya faɗi abin da ya fi wannan shiga jiki.

Ƙarfinsa na farko shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. A lokacin da makaɗa ke bin sarakuna da attajirai, shi ya yi Waƙar Karen Mota, ya ɗaukaka yaron da ke loda kaya da sa wa taya waigi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran mota a tashar Bauchi Road ya san cewa ba don wannan yaro ba, kaya ba sa isa.

Na biyu, waƙoƙin aure. A Jawabin Aure ya jera abubuwan da ke kashe aure, ya ja kunnen miji da mata. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da ba a nemi yardarta ba. Yakan sauya murya, yanzu shi ne miji, an jima shi ne mata, har ka rantse mutum uku ne a cikin faifan. A Gulma Wuya kuwa ya nuna yadda magulmaciya ke haɗa kai da boka da wani malami a raba mace da mijinta. Na san akwai malaman da wannan bai yi wa daɗi ba. Ni da nake jan salla wani lokaci, ina ganin bai yi ƙarya ba. Wanda ya mai da allo da tawada hanyar raba aure, shi ya ci mutuncin malanta, ba mawaƙin da ya tona shi ba.

To, ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi a aikin ɗan Adam. Kuntigi muryarsa ɗaya ce, in ka ji waƙa huɗu a jere sai kiɗan ya fara kama da juna. Kuma duk inda ya koma yabon manya, kaifinsa yakan ragu, ya zama kamar kowa. Bakinsa ya fi zaƙi in yana maganar talaka.

Ban ce kowa ya zauna jin kiɗa ba, malamai sun yi saɓani a kai, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Amma waɗannan faya-fayai tarihin Hausawan Jos ne, kuma gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 ta koya mana yadda abu ke ɓacewa dare ɗaya. Mai faifai ya goge shi da tsumma mai laushi, ya jingine shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da rana. Matasanmu masu kwamfuta su kwafe su, a kai wa Gidan Tarihi na Jos ko Jami'ar Jos kwafi. Allah ya sa mu dace.