Dirka, Danga da Get ɗin Ƙarfe

Iskar farkon damina ce alƙalin shinge a ƙasar Hausa. Hadarin da kan taso daga gabas a watan Mayu ko Yuni, ya turo ƙura kafin ruwa, ba ya wucewa sai ya tona wanda ya kafa dangarsa da gaske da wanda ya yi aikin ganin ido. Washegari sai a ga kara a kwance, awaki sun cika tsakar gida, mata na rataya tabarmi da tsofaffin zannuwa don tare idon masu wucewa. In aka duba, da wuya a tarar karan ne ya gaza. Dirka ce ta karye, kuma daidai inda ta haɗu da ƙasa.

Aikin danga, wadda wasu ke kira darni, yana da lokacinsa. Sai an yanke dawa da gero, kara ya bushe, hannu ya huta daga gona, sannan maigida ya tara 'ya'yansa ko ya kira gayya. Da dagi ake haƙa ramukan, kamar taku biyu tsakanin rami da rami, zurfin kowanne ya kai kamu guda. Gwanaye ba sa tura ƙasa gaba ɗaya su take da ƙafa. Kaɗan-kaɗan suke zubawa suna kirɓawa da gindin sanda har ramin ya cika, domin ƙasar da ba ta daku daga can ƙasa ba, ruwan farko zai mayar da ita kunu. Daga nan a jera kara a tsaye, a matse shi da tanka ciki da waje, layi biyu ko uku, a ɗaure da igiyar rama, ko kaba, ko ɓawon kalgo. Mai hali kuwa zana yake saye, wadda aka saƙa da gamba, ya jingina ta a jikin dirkokin.

Amma ilimin gaske yana wurin zaɓen itace. Tsofaffi sun san kirya, mai taurin da ya sa ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, tana iya yin shekaru a binne gara ba ta yi mata komai ba. Marke na biye mata, sai ƙyamin giginya, musamman namijin. Sun kuma san cewa itace ba ya ruɓewa a can ƙasan rami, ba ya ruɓewa a sama inda rana ke dukansa. A wuyan ramin yake lalacewa, wurin da damshi da iska suka haɗu, nan ne kuma gara ke gina hanyarta ta hau. Shi ya sa ake ɓare ɓawon, a babbaka gindin dirka a wuta har ya yi baƙi, a tabbatar ƙunar ta ɗan haura bakin ramin. Yanzu baƙin mai daga garejin bakanike ya maye gurbin wutar. Yana korar gara, ba shakka, sai dai abin da aka zuba a rami bai san iyakar gida ba, kuma rijiyar gidan sau da yawa tana nan kusa.

Akwai dabarar da ta fi duk waɗannan, wato a kafa dirkar da za ta rayu. Reshen dashi ko na ararrabi, in aka sare shi da rani aka kafa, damina na sauka zai yi saiwa ya tofo, kuma gara ba ta damu da ɗanyen itace kamar yadda take wa busasshe ba. Aguwa da bini-da-zugu su ne na bakin gona da gefen burtali, saboda dabba ba ta cin su; a Nijar har tudun yashi ake tsayarwa da aguwa. Bini-da-zugu dai yana da nasa aibin a cikin gida, don 'ya'yansa guba ne ga yaron da ya tauna.

Kiryar da ake yabo kuwa ta yi wuya. Maƙera sun daɗe suna son gawayinta, sannan masu gawayin sayarwa suka zo suka ƙarasa. Yawancin dirkokin da ake gani a kasuwar ƙauye yau na dogon yaro ne ko na turare, an sare su suna ƙanana, ba su yi zuciya ba. Karan ma ya yi kuɗi, tunda masu kiwo da masu girki na nemansa. A jihar Maraɗi an samu ɗan sauƙi: tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara ƙarfafa wa manoma su bar tohon kututture ya girma a gona suna yi masa aski, bishiyoyi suka dawo a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Rassan da ake ragewa su ne itacen girki, su ne kuma dirkokin gida.

Abin da ya kamata a yaba wa danga shi ne ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin dawwama ba. Kowa ya san bayan shekara ɗaya ko biyu za a sabunta ta, don haka duba ta ya shiga cikin ayyukan shekara. Maigida kan bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, wadda ta yi lako-lako a tuge ta. Aikin har ladabi gare shi: sabuwar dirka a tsohon rami ake sa ta, a gaban maƙwabci. Wanda ya matsa da ita ko da taƙi ɗaya ne, zai ji an ce masa, "Malam, dangar nan taka tafiya take yi," in bai gyara ba magana ta kai gaban mai unguwa. Babban laifin danga shi ne wuta. Da hunturu, garwashi ɗaya daga murhu ya isa ya bi danga daga gida zuwa gida.

Wannan tsoro, da na ɓarayi, su suka kai mutane ga bulo da get. Sai dai an bar wani abu a baya. Tsohon ƙyauren katako na zaure a kan turke yake juyawa, ƙafarsa na zaune cikin gurbi a ƙasa, don haka ƙasa ce ke ɗauke da nauyinsa. Duk wanda ya ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birnin Kano da aka adana a Gidan Makama ya san ba ƙaramin nauyi magabata suka iya sarrafawa ba. Get ɗin yau a gefe yake rataye. Duk nauyinsa na jan ginshiƙi zuwa tsakiyar ƙofa dare da rana, kuma gwargwadon faɗin ƙyauren, gwargwadon ƙarfin jan.

Ginshiƙin da zai jure wannan yana buƙatar tushe mai zurfi, da rodi huɗu da suka taso tun daga tushen, da kankare da aka cika tam, sannan ƙarfen da za a liƙa hinjis a kansa ya kasance an haɗa shi da rodin kafin zubi. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake ƙididdige masa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla makon farko. Abin da aka fi gani shi ne ginshiƙin bulo mai inci 9 wanda cikinsa holoƙo ne, an shafe shi da filasta da fenti, mai walda ya zo bayan kwana biyu ya fasa gefe ya cusa ƙarfe, saboda ranar tarewa ta matso. Magini ya tafi, mai walda ya tafi, kowannensu na cewa nasa aikin lafiya lau.

Bayan damina biyu sai get ya fara jan ƙasa, sakata ta daina shiga gurbinta, a koma ɗaure shi da sarƙa. Gyaran da aka saba yi abin dariya ne: a kira mai walda ya yanke ƙasan ƙyauren, ko a sa yara su kankare ƙasar da yake gogawa. Ginshiƙin na nan yana ci gaba da sunkuyawa, ruwan kwata na ratsa gindinsa. Magini mai gaskiya zai fara ɗora igiya mai dutse a jikin ginshiƙin ya ga ko a miƙe yake. In ya karkace, sai a sauke ƙyauren, a tone gindin, a karkatar da kwatar, a sake zubi. In ginshiƙin lafiya yake, ƙyauren ne ya saki, ƙarfe ɗaya da aka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa ya wadatar, ko a sa masa ƙaramar taya a bakinsa.

Masu kuɗi sun koma get mai turawa a kan layin ƙarfe, wanda ya mayar da nauyin ƙasa kamar ƙyauren da. Shi kuma yashi ne abokin gabarsa, sai an riƙa share layin ana sa wa tayoyin giris.