Maɓalli ɗaya a hannun babur, get ya buɗe da kansa

Jama'a, a cikin duk abin da na taɓa ƙara wa babur, daga fitila mai haske zuwa wurin cajin waya, babu wanda ya kama ƙafar ɗan maɓallin da wani mai wayarin ya dasa mini kusa da na hon. Ina karyo kwanar layinmu sai in taɓa shi da babban yatsa. Kafin in iso, get ya ja gefe, in shige ban sauke ƙafa ba, ya koma ya rufe a bayana. Wallahi duk lokacin da na ji injin get ɗin ya tashi sai raina ya yi fari ƙal.

Wanda ba a Mubi yake zaune ba zai ce ai gayu ne kawai. Mu da muke ciki mun san nauyin tsayuwa a ƙofar gida da dare. Tun ƙarshen Oktoban 2014 da Boko Haram ta shigo gari, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka tsallaka Kamaru a ƙafa, har aka ƙwato shi a Nuwamba, mutumin Mubi ya koyi waiwaye. Alhamdu lillahi gari ya dawo, kasuwar shanu ta cika, ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sun koma azuzuwansu, amma taka-tsantsan bai bar mu ba. Ɓarawon babur kuwa ba shi da lokacin da ya fi so kamar sa'ad da ka sauka, ka bar inji yana aiki da makulli a jiki, ka juya baya kana fama da sakata. Wannan lokacin ne maɓallin nan ya share gaba ɗaya. Ga damina kuma. Idan hadari ya taso daga wajen duwatsun Mandara ya tsuge, babu sauran tsayawa a cikin taɓo kana danna hon har yara su farka, babu tayar da uwargida tsakar dare ta zo ta buɗe.

Abin da ya ƙara sa ni son aikin shi ne na tsaya a kansa har aka gama, na ga hikimar da ido. Yaron mai wayarin ya ɗauki rimot ɗin get, ya kwance shi a kan tsumma, ya fito da ɗan allon cikinsa. Ya nemo ƙafafu biyu na maɓallin da ke buɗewa, ya ɗiga musu dalma, ya manna siraran wayoyi biyu, ya bi da su ƙarƙashin tanki har zuwa hannun hagu, ya haɗa da sabon maɓalli mai rufin roba wanda ruwa ba ya shiga. Shi rimot ɗin ya naɗe shi da robar tsohon tib saboda ruwa da ƙurar hunturu. Na nuna masa wani lungu a jikin firam na ce a sa shi can. Ya girgiza kai ya ce, "A'a Alhaji, ƙarfe yana tare masa hanya, bayan murfin roba za mu ɓoye shi." Gaskiyarsa. Saƙon rediyo rimot yake aikawa, yawancin irin waɗannan a kan mita 433 MHz, kuma ƙarfe yana rage masa nisa.

Sai maganar wuta, inda na tabbatar yaron gwani ne. Akwai rimot mai batirin volt 12, akwai mai ɗan batirin nan kamar kwabo na volt 3. Batirin babur volt 12 ne, idan inji yana caji yakan haura zuwa wajen 14. Wanda ya jona ƙaramin rimot kai-tsaye ya ƙona shi nan take. Shi kuwa sai ya sa wa nawa abin rage ƙarfin wuta da fiyus, sannan ya ɗauko wutar daga bayan makulli. Ma'ana, idan ba a murɗa makulli ba, maɓallin a mace yake. Yaro ya zo wasa ya danna, ko wani ya laɓe ya taɓa shi a bakin masallaci, babu abin da zai motsa. Madalla da wannan tunani!

Injin get ɗin shi ma ya cancanci yabo. Centurion D5 ne, ƙirar Afirka ta Kudu, yana jan get mai nauyi har kilo 500 a kan dogon ƙarfe, da haƙoran da mai walda ya jera a jikin get ɗin. Da batirin volt 12 yake aiki, wutar gida caji kawai take yi masa, shi ya sa ɗauke wuta ba ta hana shi aiki, kuma ƙaramin faifan sola ya ishe shi a rana irin ta Mubi. Akwai tsarin da yake buɗe get kaɗan don mai shiga a ƙafa. A kan wannan tsarin aka ɗora maɓallina, aka daidaita faɗin ya zama iya wucewar babur. Get ba ya wangalewa duniya ta ga tsakar gida, mata suna cikin sitirarsu, awaki ba su samun hanyar fita. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

A ƙasashen waje kamfanoni ne suke sayar da irin wannan jin daɗi. Honda tana da HomeLink da ake ƙara wa katafaren babur ɗinta Gold Wing, Harley-Davidson ta Amurka kuma tana da na'urar da ke buɗe ƙofar gareji idan mahayi ya wulga babbar fitila. Mu a nan, da dalma da waya da basira, ɗan garinmu ya yi shi a kan babur irin wanda kowa yake hawa. Tunda matsalar tsaro ta sa an sha taƙaita hawan babur a Adamawa har Keke Napep ya cika tituna, mai Keke ma ya sani nasa batirin volt 12 ne, aikin zai zauna masa daram.

Wanda zai yi, ina roƙonsa kada ya yi rowar idon nan biyu da ake kafawa a gefe da gefen get, waɗanda suke tsayar da shi idan wani abu ya gitta. Gidajenmu cike suke da yara, get mai nauyi ba abin wasa ba ne. Ya nemi rimot mai sauya lambar sirri a kowane dannawa, don kada a kwafe shi. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, babur ya salwanta, ya sa a goge wannan rimot daga ƙwaƙwalwar injin a ranar. Makullin sakin get da hannu shi ma a san inda aka ajiye shi.

Mutanen Lokuwa, Wuro Patuji, Sabon Layi da Shuware, duk mai get ɗin ja da babur a gida, ya nemi mai wayarin da ya san aikinsa ya sa masa maɓallin nan kafin damina ta sauka. Allah Ya yi wa hannun masu sana'armu albarka.