A Ba Mai Keke Hanyarsa a Katabu

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, kekunan da suka daɗe jingine a zaure suka fara fitowa. Masu faci da gyaran keke sun samu ciniki, malamin makaranta ya ajiye babur, magidanci ya sayo wa ɗansa na hannu saboda kuɗin mota ya gagara. A gefe guda kuma wani salon ya shigo manyan birane, wato matasa da ma'aikata masu hular kwano da kekuna masu giya, waɗanda ke fita ayari da sassafen Asabar don motsa jiki. Ranar 3 ga Yuni kuwa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, jami'an hukumar kiyaye haɗurra kan yi jerin gwano a kan kekuna, a ɗauki hotuna, a yi jawabi.

Duk wannan abin farin ciki ne. Sai dai har yanzu ba a taɓo tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: a ina mai keken zai bi?

Katabu wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Garin na kan babban titin Kaduna zuwa Zariya, a ƙaramar hukumar Igabi, daf da mararrabar da hanyar Jos ta rabu. Tireloli da tankokin mai nan suke yada zango, nan suke tashi. Motocin haya masu zuwa Kano ba sa rage gudu sai dole. A bakin wannan kwaltar ce manomi ke tuƙa keke da buhun masara a kariya, ɗalibi da jakarsa, mai itace da kayan da suka fi faɗin kafaɗunsa. Tun da aka sake gina titin ya yi sumul, gudun motoci ya ƙaru, kuma rabon mai keke bai wuce ɗan gefen da ya rage ba, shi ma idan ba a ajiye tirela a kai ba. Duk wanda ya taɓa jin iskar tanka ta ture shi a kan keke ya san cewa hular kwano ba ta maganin wannan.

Ba yau aka fara kiran mutane su hau keke ba tare da an tanadar musu hanya ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta yekuwar 'yan Nijeriya su koma keke, har shi kansa yana tuƙawa zuwa ofis a Abuja, sai da wata bas ta ture shi cikin kwata. Mutane sun yi ta dariya, amma mutumin yana da gaskiya a kan keke. Titin ne bai shirya karɓarsa ba, kuma bayan shekara 20 da ɗoriya bai shirya ba.

A karkarar Faransa an bi wata hanyar daban, wadda ya kamata a tsaya a duba ta da kyau. A 1997 hukumar yankin Saône-et-Loire ta buɗe wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 44 tsakanin garuruwan Givry da Cluny, a kan tsohon layin dogon da jirgi ya daina bi. An cire ƙarafa, an shimfiɗa kwalta mai faɗin 'yan mitoci, an kafa shinge a mashigai, aka ce mota da babur ba sa shiga. Ana kiran irin waɗannan hanyoyi korayen hanyoyi, kuma a 2004 aka shigar da su cikin dokar tuƙi ta ƙasar a matsayin hanyoyin masu tafiya a ƙafa da ababen hawa marasa inji. Hikimar zaɓen layin dogo a fili take. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsauri, don haka injiniyoyi sun riga sun fasa duwatsu, sun cike kwari, sun gina gadoji. Abin da ya rage shi ne shimfiɗaɗɗiyar hanya da tsoho da yaro za su iya tuƙawa ba haki. A kudancin Cluny, inda aka ƙara miƙa ta, hanyar ta ratsa wani ramin jirgi mai tsawon kilomita 1.6 a ƙarƙashin dutse, wanda ake rufewa a lokacin sanyi saboda jemagun da ke kwana ciki. Wasu tsofaffin tashoshin sun koma wuraren hayar keke da shan shayi.

Haka aka yi da bakin magudanan ruwa. Canal du Midi, wanda aka kammala a 1681, yana da hanya a gefensa inda dawakai ke jan kwale-kwale a da, yau masu keke ke bin ta a inuwar itatuwa. Hanyar da ke bin kogin Loire ta kai kimanin kilomita 900, ta haɗa korayen hanyoyi da ƙananan titunan ƙauye, kuma sama da mutum miliyan ɗaya ke hawanta a shekara. Mai keke ba ya wuce ƙauye a guje. Yana jin ƙishirwa, yana jin yunwa, tayarsa na pacewa, dare na yi masa, kuɗinsa kuma a hannun mai burodi da mai masauki da mai gyara suke ƙarewa.

Wani zai ce wannan harkar masu hutu ce, mu kuwa muna fama da abin sawa a baki. A nan ne ake kuskuren fahimtar al'amarin. Bafaranshe yana hawa don nishaɗi, Bahaushen ƙauye yana hawa don neman abinci, saboda haka shi ya fi buƙatar hanyar. Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya kafa a Kano, kuma akwai zamanin da mallakar Rali ke nuna cewa manomi ya sayar da gyaɗa ko auduga da daraja. Masu hawa suna nan tun kafin a fara maganar motsa jiki. Idan za a gina hanya, da su za a fara, masu yawon buɗe ido su biyo baya.

Kuma kayan aikin ba su gagare mu ba. Arewa ta taɓa samun nata layin dogon da aka yi watsi da shi: siririn layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, wanda ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya kai ƙarshensa a 1914, aka rufe shi a 1957. Yau sai dattawa da masu binciken tarihi ke tuna shi. Wannan ya isa gargaɗi, domin irin wannan ranar na iya zuwa wa tsohon layin Kaduna zuwa Kano, wanda ya ratsa ƙasar Igabi, idan aka kammala sabon layin zamani da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Ɓarayin ƙarafa sun riga sun sa wa tsofaffin layuka ido, masu gine-gine kuma suna matsowa. Darajar irin wannan fili tana cikin kasancewarsa a miƙe ba yankewa. Da zarar an yanka shi fuloti-fuloti, ba gwamnatin da za ta iya biyan diyyar sake haɗa shi. Ko da jirgi zai ci gaba da bin tsohon layin, filin da ke gefensa ya ishi hanyar keke mai faɗin mita uku da shinge tsakani. A Kano ma ga hanyoyin da ke bin magudanan noman rani na Kadawa, masu shan ruwa daga madatsar Tiga, waɗanda manoma ke bi da kekunansu tun tuni.

Akwai matsala biyu da ba za a tsallake ba. Ta farko tsaro. A cikin ƙaramar hukumar Igabi ce aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, kuma bayan shekara guda aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna hari. Ba mai hankalin da zai ce wa iyali su tuƙa keke kwana uku cikin daji a wannan hali. Shi ya sa bai kamata a fara da dogon zango ba. A fara da gajere, cikin mutane, daga Katabu zuwa Rigachikun, inda makarantu da kasuwa da wuraren aiki suke, a bayan gari nesa da kwalta. Hanyar da ke cike da ɗalibai da manoma safe da yamma ta fi kufai aminci. In an samu natsuwa, sai a miƙa ta zuwa madatsar ruwa ta Kangimi, da Turunku mai tsofaffin ganuwoyi da tarihin Bakwa Turunku, wuraren da yaran Kaduna da yawa suka karanta a littafi amma ba su taɓa takawa ba.

Ta biyu ta fi wuya: 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu. Duk sabuwar kwalta da ba cunkoso za ta ja su, kuma idan suka shiga an koma gidan jiya. Shingen ƙarfe a mashiga zai tare mota, amma babur zai kutsa. Abin da zai tare shi shi ne yarjejeniya tun kafin a zuba tsakuwar farko, a zauna da hakimi da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa da 'yan sintiri, a amince cewa wannan hanya ta yara ce da masu ƙafa da masu keke. Iyayen waɗannan yaran su ne masu baburan, kuma magana ce da za su saurara.

Kuɗin irin wannan aiki bai kai na gadar sama guda ba, ko da jar ƙasa aka daddaɓe da farko kafin a samu kwalta. Ƙungiyoyin masu keken Asabar suna da abin da manomin Katabu ba shi da shi, wato sanayya a ma'aikatu da murya a kafafen sada zumunta. Zai fi amfani su kai wa ma'aikatar ayyuka ta jihar Kaduna da hukumar jiragen ƙasa taswirar kilomita goma na farko, tare da sa hannun masu unguwannin da hanyar za ta ratsa, kafin 3 ga Yuni mai zuwa.