Malfar Jaji: Wa Ke da Ikon Taɓa Alamar Ƙungiya?

Masu sukar hijabin bai-ɗaya da bajon ƙungiyoyin mata, irin waɗanda ake gani a Islamiyyun matan aure daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, sukan ce abin kwaikwayon 'yan boko ne. A kan wannan suke gina hukunci na biyu, wai tunda aro ne, kowace mace na iya kai nata wurin tela a rage tsawo, a jera duwatsu, ko a cire tambarin. Duka biyun kuskure ne, kuma tarihin 'Yan Taru ya isa hujja.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru a wajejen shekarun 1830 domin kai karatu ga matan ƙauyuka. Tsofaffi da 'yan mata ne ke yin tattaki zuwa gare ta, su koyi waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gidaje. Kowane ayari na ƙarƙashin jaji, wato macen da ke jagorantarsa. Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam, wadda ta zauna a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, ta ci gaba da jan ragamar aikin. Ke nan matan ƙasar Hausa sun san tsarin ƙungiya da alamarta tun kafin Bature ya ci Kano a 1903.

Alamar jaji malfa ce, kuma a nan gwanintar Asma'u ta fi fitowa. Malfa saƙar kaba ce mai faɗin baki, hular fatake da makiyaya da manoma, wadda duk wanda ya gan ta ya san mai ita na shan rana a hanya. Amma a Gobir tana da wata ma'ana, domin Inna, 'yar gidan sarauta kuma shugabar bori, da ita ake gane ta. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, sai dai kwarjinin malfar Inna bai gushe daga zukatan mata ba. Asma'u ba ta sa an ƙone ta ba, ba ta kuma ƙirƙiro wata sabuwar hula da ba wanda ya sani. Ta ɗauki malfar yadda take, ta naɗa mata jan ƙyalle, ta ɗora a kan jaji. Malfar ta ci gaba da cewa ga mace mai iko a tsakanin mata, abin da kowace baƙauya ta riga ta iya karantawa daga nesa. Jan ƙyallen kuwa naɗi ne, irin wanda ake yi wa mai sarauta, yana shaida cewa ikon nan ba na gado ba ne, ba na iskoki ba ne, ba shi aka yi saboda ilimi. Abu na uku, wanda ya fi biyun nauyi, shi ne hannun da ya yi naɗin. Jan ƙyalle na nan birjik a kasuwa, kowa na iya saye ya ɗaura, amma ba zai mayar da mace jaji ba sai malama ce ta naɗa.

Wasu na ganin aron malfa sassauci ne ga bori. Wannan gajeren tunani ne, domin wanda ya karɓe tutar abokin gaba ya kafa a sansaninsa ba mubaya'a ya yi ba. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce: tunda Asma'u da kanta ta sauya alama, me zai hana ɗalibar Islamiyya ta sauya tata? Amsa ita ce Asma'u ta yi sauyin ne a matsayin mai bayarwa, sau ɗaya, ga kowace jaji iri ɗaya, don ma'anar ta ƙara fitowa. Mai kai hijabinta a matse shi ko a yi masa ado tana neman ta fita daban ne a wurin da aka taru don a zama ɗaya. Nan take za a gane matar mai hali da matar mai ƙaramin ƙarfi, abin da tufafin bai-ɗaya ya zo ya rufe. Da yawa daga ƙungiyoyin 'yan'uwantakar mata na jami'o'in Amurka ma sun tsaya a kan haka: bajo mallakar ƙungiya ne, idan mai shi ta rasu a binne ta da shi ko a mayar.

Wannan ba ya nufin alama ba ta sauyawa. Idan yadin ya yi tsada, ko launin na saurin koɗewa a ranar bazara, a zauna da malama ko amira a sauya wa kowa baki ɗaya. Inda ƙungiyoyinmu suka yi sake shi ne sun riƙe launi da tambari, sun saki naɗin. Yau mace kan sayi yadi, ta ba tela, ta saka, shi ke nan, kamar ankon biki. Abin da aka saya da kuɗi dole mai shi ta ɗauka nata ne. Makarantar da ke son a daina taɓa hijabinta sai ta ware rana, malama ta miƙa shi hannu da hannu a gaban jama'a, ta faɗi abin da ke wuyan mai karɓa. Wanda aka ba amana a idon shaidu ba ya kai ta wurin tela.