Jinjina ga Masu Taskace Waƙoƙin Gargajiya

Duk mai sha'awar kiɗan rock, akwai bashin godiya a kansa ga mutanen da suka bi ƙauyuka da gidajen yari na kudancin ƙasar Amurka suna naɗar waƙoƙin talakawa. A 1933 John Lomax da ɗansa Alan suka naɗi muryar mawaƙi Lead Belly a kurkukun Angola da ke Louisiana, a 1941 kuma Alan ya iske mawaƙi Muddy Waters a gonar auduga a Mississippi. Daga wata waƙar Muddy ƙungiyar kiɗan rock ta Rolling Stones ta samo sunanta. Wani zai ce yabo na mawaƙi ne kaɗai. Basira tasa ce, babu musu, amma muryar da ba a adana ba tana bin mai ita kabari. Masu yawo da na'ura gari-gari sun cancanci jinjina.