Tauraron Fim a Fagen Jinƙai: Tarken Rawar George Clooney a Rikicin Darfur

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba rawar da ɗan wasan fim na Amurka, George Clooney, ya taka a rikicin Darfur, mu auna ta da ma'aunin da manazarta adabi kan auna labari, wato wa ya ba da shi, wa aka mayar tauraro, wa kuma aka bari a bayan fage. Al'amarin ya shafe mu. Darfur tana kan tsohuwar hanyar alhazai, kuma sojojin Nijeriya sun zubar da jini a can. Ra'ayinmu shi ne, shahara tana iya tara jama'a, amma sai ta rage wa labari nauyi kafin ta iya ɗaukarsa.

2.0 Matakan Gwagwarmayarsa

Za mu iya kasa aikin Clooney gida uku. Mataki na farko na amfani da fuska ne. A watan Afrilu na 2006 ya ziyarci Cadi da Sudan tare da mahaifinsa, wanda ɗan jarida ne, ya komo ya yi jawabi a gangamin da aka yi a Washinton ranar 30 ga watan. A watan Satumba na wannan shekara ya yi wa wakilan Kwamitin Sulhu jawabi, a 2008 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi Manzon Zaman Lafiya.

Mataki na biyu na kafa hujja ne. A ƙarshen 2010, shi da John Prendergast suka kafa shirin sa ido da tauraron ɗan'adam, wanda ya fito da hotunan ƙone-ƙonen da aka yi a Abyei a 2011. Na uku shi ne bin sawun kuɗi, ta hanyar ƙungiyar The Sentry, wadda a 2016 ta fallasa dukiyar da shugabannin Sudan ta Kudu suka tara a lokacin yaƙin basasa.

3.0 Zubin Labarin

Fim ɗin Sand and Sorrow na 2007, wanda Paul Freedman ya shirya, Clooney kuma ya zama muryar mai ba da labari, shi ne ya fi bayyana mana matakin farko. Fim ne mai ratsa zuciya, kuma gani ya kori ji: wanda ya kalli sansanonin 'yan gudun hijira a cikinsa ba zai ƙara cewa bai sani ba. To amma idan muka lura da rabon magana, za mu ga mutanen Darfur aikinsu shi ne ba da shaidar wahala, fassarar wahalar kuwa ta koma hannun Amurkawa irin su Nicholas Kristof da Samantha Power. Ke nan mai ciwo yana kuka, baƙo yana bayani, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan zubi ya haifar da illa biyu. Ta farko, gangamin ya taƙaita rikicin a kan cewa Larabawa ne ke karkashe 'yan Afirka. Babu mai musun ta'asar da Janjawid suka yi wa Fur da Masalit da Zagawa tun daga 2003 da goyon bayan gwamnatin Hartum. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Duka ɓangarorin Musulmi ne, kuma rigimar tana da saiwa a farin 1984 zuwa 1985, da rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya, da makaman da suka kwararo daga yaƙin Cadi. Mahmood Mamdani ya yi wannan suka a littafinsa Saviors and Survivors na 2009. Ko da ba mu bi shi a kan kome ba, wajibi ne mu yarda cewa maganin da aka haɗa bisa rabin bayani ba zai kai ga tushen cuta ba.

Illa ta biyu ita ce dusashe ƙoƙarin Afirka. Kwana biyar bayan gangamin Washinton, wato ranar 5 ga Mayu 2006, aka sa hannu a kan yarjejeniyar Darfur a Abuja. Yarjejeniyar ba ta ɗore ba, amma a can ne ake ainihin ɗauki-ba-daɗin sulhu. Haka kuma a watan Satumba na 2007 aka kashe dakarun Tarayyar Afirka 10 a Haskanita, 7 daga cikinsu 'yan Nijeriya. Gaskiya ne fim ɗin ya nuna waɗannan dakaru, amma a bakin gangamin ba su wuce alamar gazawa ba, wadda ke jiran ceto daga waje.

4.0 Abin Yabo

Adalci ya wajabta mu ce Clooney bai yi irin na masu zuwa a ɗauke su hoto su wuce ba. Ya kwashe shekaru fiye da goma yana bin al'amarin, har aka kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Sudan a Washinton a watan Maris na 2012. Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne, daga mataki zuwa mataki yana janye fuskarsa yana tura hujja gaba. Hoton tauraron ɗan'adam da takardun banki ba sa bukatar hawayen mai kallo. A nan muke ganin ya gane iyakar sana'arsa, kuma aikinsa ya fi inganci a daidai inda shahararsa ta fi ɓoyuwa.

5.0 Kammalawa

Tarihi ya riga ya yi wa gangamin jarrabawa. Janjawid ɗin da aka la'anta su ne suka rikiɗe suka zama dakarun RSF a 2013. Bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilu na 2023, aka sake karkashe Masalit a Aljinaina, duniya kuwa ba ta motsa kamar yadda ta motsa a 2006 ba. Ba mu ɗora wa ɗan wasa laifin wannan. Abin da muke cewa shi ne, tausayin da aka gina a kan kallo yakan watse idan an tashi daga kallo. Saboda haka muna kira ga manazartanmu da masu shirya finafinanmu da su riƙa tambayar kowane labarin jinƙai, kafin su yaba masa, ko an bar mai ciwon ya faɗi dalilin ciwonsa da bakinsa.